Daren Asabar a lambun fadar Versailles

Ƙanwata da ke karatu a Paris ce ta matsa mini. Ni niyyata in shiga fadar, wato tsohuwar fadar sarakunan Faransa, da rana, in ga zauren madubai in koma masauki, sai ta ce, "Yaya, in ba ki ga lambun nan da dare ba, ai ba ki zo ba." Ta saya mana tikiti ta intanet tun ana saura kwana huɗu. Muka hau jirgin ƙasa na RER C zuwa tashar Versailles Château Rive Gauche, daga nan tafiyar kamar minti goma ce a ƙafa. Tikitin daban yake da na shiga cikin fada, kuma daren Asabar ake yin wasan feshin ruwa da fitilu a lambun, daga Yuni zuwa Satumba.

Ƙarfe 8:30 ake farawa, amma a watan Yuli lokacin gari da haskensa tas, sai wajen goma saura rana take faɗuwa. Magariba a cikin lambun za ta same ki, sai a yi shirinta tun daga gida.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne tafkin Latone, wanda ke ƙasan matakalar fada. Mutum-mutumin wata mace ne na farin dutse da 'ya'yanta biyu a can sama, ƙarƙashinta kwaɗi da ƙadangaru da kunkuru masu ruwan zinariya, duk sun wage baki suna feso ruwa. Da na matsa kusa na ga wasunsu jikin mutane ne, kan ne ya fara rikiɗa, yatsun sun haɗe irin na kwaɗo. Tatsuniyar Romawa ce, ta manoman da suka hana matar shan ruwa aka mayar da su kwaɗi. Iska ta kwaso feshin ta jiƙa mini mayafi, kiɗan zamanin Sarki Louis na 14 yana fitowa daga cikin itatuwa, irin na Lully makaɗin fadarsa, goge da ƙaho da tambura masu nauyi. Kiɗan ɗauka ne ake sakawa ta lasifika, kada a je da tsammanin ganin makaɗa.

Jama'a da yawa a babbar hanya suke cunkushewa. Mu muka kauce muka shiga ƙananan lambunan da ke ɓoye a bayan shingen itatuwa, kuma a nan kuɗina ya biya. Akwai wani mai ginshiƙan dutse 32 a zagaye, an haska shi da fitilu masu launi. Akwai na Encelade, wani ƙato da duwatsu suka danne, kansa da hannuwansa kawai suka fito, ruwa na tashi daga bakinsa kamar ihu. Na daɗe a wurin.

A kan hanya na ga wani ma'aikaci ya zura dogon makullin ƙarfe a wani rami a ƙasa, yana juya shi da hannu biyu a hankali, sai ruwan tafkin da ke gabansa ya miƙe. Wannan ya taɓa ni fiye da fitilun. Ashe har yau nauyin ruwa ne ke tura shi sama: ana tara shi a matattarar da ta fi lambun tudu, ya gangaro ta bututun ƙarƙashin ƙasa, wasunsu tun na ƙarni na 17. André Le Nôtre, mai tsara lambunan sarki, ya fara tsara lambun a 1661, sarki ya tare da fadarsa a 1682, amma ruwa bai taɓa isarsa ba. Har injin Marly aka gina a bakin kogin Seine don ɗago ruwa, mai manyan ƙafafu 14 da ruwan kogin ke juyawa, duk da haka ba a iya kunna tafkunan gaba ɗaya. In sarki ya fito zagaye, masu ruwa usur suke busa wa juna, a buɗe na gabansa a rufe wanda ya wuce. Ni da na tashi a unguwar da ake jiran mai ga-ruwa da asuba, wallahi kallon kowane feshi nake da sanin darajarsa.

Wajen sha ɗaya saura minti goma aka fara wasan wuta a saman babban tafkin da ke ƙarshen lambun, harsunan wuta na tashi a gefen doguwar ciyawar nan suna bin kiɗa, har zafinsu muke ji a fuska. Kusan kwata aka yi. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai wayoyin da mutane suka ɗaga sun tare mana rabin kallon, don mun makara wajen kama wuri. Wanda ke son gani sosai ya zauna a matakalar Latone tun da sauran rabin awa.

Ƙasar wurin tsakuwa ce kuma tafiyar da yawa, takalmi marar tsini shi ne daidai. Sanyi ma yana sauka bayan goma ko da bazara ce, a riƙo rigar sanyi. Fitowa kuma kowa tasha ya nufa a lokaci ɗaya, tsaye muka yi a jirgi har Paris. Zan koma in Allah ya yarda, amma wannan karon da Umma, kuma daga ƙananan lambunan za mu fara tun da sauran haske.