Famfon jan esansi da gazuwal: wanda za ka saya da wanda za ka bari a shago

Duk mai juye mai daga ganga zuwa bido, ko daga tanki zuwa mota, wata rana zai gaji da zuƙar tiyo da baki ya nufi kasuwa neman famfo. A Maraɗi zaɓi yana da yawa, kayan Kano da na Sin duk sun cika shaguna, sai dai mai shago yakan fara da ƙarfin inji da kuɗinsa. Kai ka fara da abin da za ka ja.

Esansi yana fitar da tururi mai kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafinmu. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, ya kwanta a rami da lungun ɗaki. Idan ya kai kamar kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi guda ya wadatar. Gazuwal kuwa sai ya yi zafin da ya haura digiri 55 kafin ya ba da irin wannan tururi. Shi ya sa famfon da ya shekara yana jan gazuwal lafiya zai iya tashi da mutum ran da aka sa shi a gangar esansi.

Injin ban-ruwa na masu lambu a gulbi, cire shi daga lissafi. Yana da arha, yana da gudu, amma salansarsa na zafi, fulogi na tartsatsi, kuma robobinsa na ruwa ne, mai yana cinye su har yoyo ya fara.

Ƙaramin famfo mai aiki da batir, na bolt 12, shi ya fi yaudarar mutane. Yawancinsu na gazuwal ne kaɗai, kuma an rubuta haka a kwali, da Faransanci ko Turanci. Gawayin da ke cikin motarsa (injin lantarkin da ke juya famfon) yana tartsatsi muddin tana juyawa, haka ma lokacin da ka maƙala waya a kan batir. Ga mai tarakta ko janareta mai shan gazuwal, ya yi daidai. Ga esansi, a'a, ko da mai shago ya rantse.

Famfon hannu mai wainawa ba ya burge kowa, amma a ganina shi ya fi dacewa da mai ganga ɗaya ko biyu na lita 200. Babu wuta, babu batir. Ka zaɓi na ƙarfe wanda aka rubuta ya dace da esansi, ka bar na roba.

Mai babban aiki yana da hanya biyu. Akwai famfo mai aiki da iska, wanda kwamfaresa ke turawa ta dogon tiyo: babu lantarki a jikinsa, kuma ko mai ya ƙare yana ci gaba da bugawa bai ƙone ba. Sharaɗinsa jikin ya zama na alminiyam ko wani abin da ke wuce da caji zuwa ƙasa, kwamfaresar kuma a ajiye ta nesa. Ta biyun ita ce famfon lantarki da aka ƙera musamman don wurin da tururi mai kama wuta ke taruwa, kuma a nan ne ake cutar mai saye.

Duba ɗan farantin ƙarfe da ke jikinsa. Na gaske yana ɗauke da alamar Ex cikin zane mai kusurwa shida, wato ya bi ƙa'idar Turai da ake kira ATEX, ko kuma lambar shaidar IECEx ta ƙasa da ƙasa. Idan ka ga 2G, an yarda ya zauna inda tururi ke fitowa lokaci-lokaci yayin aiki, kamar bakin ganga. 3G na wurin da tururin ba ya zuwa sai bisa tsautsayi. IIA da IIB rukunin tururin da injin ya dace da shi ne: IIA ya isa esansi, IIB ya fi shi tsauri. T3 na nufin jikin injin ba zai wuce digiri 200 ba, T4 kuma 135. Sitika mai Ex kawai, babu lambar shaida babu sunan kamfani, ado ce.

Akwai wani layi da ba a cika dubawa ba, alhali mu ya fi shafa. In ba a rubuta wani abu daban ba, shaidar tana aiki ne daga digiri 20 ƙasa da sifiri zuwa 40. A watan Afrilu da Mayu, Maraɗi tana haura 40 a inuwa, to ina ga ƙarƙashin kwano da tsakar rana? Nemi wanda aka rubuta masa Ta +50 ko +55, wato iyakar zafin wurin da zai iya aiki a ciki.

Hunturu ma da nasa. Busasshiyar iska tana sa caji ya taru yayin da mai ke gudu cikin tiyo, irin ɗan tas ɗin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota. Saboda haka tiyon lambu ba ya cikin zance. Sayi tiyon mai wanda ke da waya a cikinsa, ka haɗa ganga da famfo da abin da ake zubawa da waya ɗaya zuwa rodin da aka kafa a ƙasa. Wannan kuɗi ka sa shi cikin lissafi tun a shago.

Ka kuma tambayi inda za a gyara. Motar Ex da aka kai wa mai naɗin waya na unguwa ya buɗe ya goge bakinta da fayil, ko aka zura mata waya aka toshe ramin da salatif, ta koma mota kamar kowace, ko da farantin yana nan. Idan mai sayarwa ba shi da robobin canji da takardar shaidar injin mai lamba ɗaya da ta farantin, ka ƙara gaba zuwa wani shago.