Tulun Tangaran na Sin Mai Sassaƙa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Mai neman tsohon tulun tangaran na ƙasar Sin wanda aka sassaƙa wa ado zai tarar da kaya iri uku a gidajen gwanjo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta farashi kawai.

Na farko, na matoyar tangaran ta Yaozhou, daga lardin Shaanxi a zamanin daular Song (960 zuwa 1279), su ne gwanaye wajen sassaƙa. Maginin yana karkatar da wuƙarsa ne, saboda haka ruwan ƙyallin mai launin zaitun yakan taru a cikin ramin zanen ya yi duhu, furen ya fito kamar yana da inuwa. Sai dai akasarin abin da ya saura kwanuka ne, tulu kuwa yana da wuyar samu, wanda hakan ya sa masu jabu suka fi mai da hankali a kansa.

A ganina, mai matsakaicin ƙarfi ya fi dacewa da na biyu, wato na matoyar Longquan, daga lardin Zhejiang, musamman na zamanin daulolin Yuan da Ming, domin an ƙera su da yawa an kuma kai su ƙasashen waje. Suna da nauyi, ƙyallinsu kore ne mai kauri, gindin da ba a shafa wa ƙyalli ba kuma wuta takan mayar da shi ja-ja. Wanda ke da murfinsa na asali ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Na uku su ne na garin Jingdezhen a ƙarni na 19, masu ɗauke da sa hannun masassaƙa irin su Wang Bingrong da Chen Guozhi. A nan ne ake yawan tafka asara, domin suna ko hatimin sarki a gindin tulu ba shaida ba ne. An daɗe ana kwaikwayonsu.

Kowanne ka zaɓa, ka haska shi da fitilar UV, mai hasken da ke tona abin da ido bai gani ba, don gano gyara, ka kuma nemi takardun da ke nuna hannayen da ya bi, tunda Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911. Gwajin da ake huda jikin tulu a ɗebi samfur don gano shekarunsa yana taimakawa, amma a ɗiba daga wuri fiye da ɗaya, saboda akan liƙa tsohon gindi a sabon jiki. Ka kuma lissafa ladan gidan gwanjo, wanda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin.