Shekara guda da injin busar da kaya a gidana

Ranar da na fito da rigar sanyin maigida daga injin nan, sai da na ɗaga ta na duba ko ta autanmu ce. Ta ulu ce, ni kuwa na haɗa ta da tawul na sa a zafi mafi ƙarfi. Ta tsuke, ta yi tauri kamar darduma, kuma ulu in ya kai haka ba ya dawowa. Ashe ɗan ƙyallen da ke wuyanta ya gargaɗe ni tun farko: zanen akwati mai da'ira a ciki, an soke shi, wato kar a sa a injin busarwa. Ɗigo ɗaya a cikin da'irar yana nufin zafi kaɗan, biyu kuma zafi fiye da haka. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa injin ba.

Nawa mai kilo 8 ne, irin wanda yake tara ruwa a tanki maimakon fitar da tururi ta bututu. Tawul da kayan makarantar yara yana busar da su tsaf, kuma in na kwashe su da ɗuminsu na ninke, da wuya su nemi guga. In na bar su suka kwana a ciki, sai dai a yi haƙuri da yamutsewa.

A wata na biyar ya fara wani hali: ya tsaya ya yi ƙara wai ya gama, kaya kuwa da danshi. Har na fara neman mai gyara. Ƙanwata ce ta nuna mini wasu siraran ƙarafa biyu a ciki, kusa da rariyar ƙofa. Su ne ke jin danshin kaya, kuma ruwan tausasa kaya da nake zubawa a wanki ya bar musu wani yauƙi, sai suka daina ji. Na goge su da tsumma da ɗan khal, shi ke nan. Littafin injin ya ambace su, amma can ƙarshe, inda ba wanda zai kai.

Rariyar kuwa duk busarwa nake kwashe ɓurɓushin zaren da ta tara. Ba don tsafta kawai ba: in ta toshe iska ba ta wucewa, aiki ya daɗe, ga shi abin yana kama wuta da sauƙi.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne zanen gado. Yana nannaɗewa ya zama dunƙule, ya haɗiye safa da singiletin yara, waje a bushe, ciki a jiƙe. Na sayi ƙwallayen ulu guda uku da ake jefawa cikin injin tare da kaya don su raba su, sun ɗan rage, ba su magance ba. Dole in tsayar da shi a tsakiyar aiki in warware da hannu.

Tabon mai kuma yanzu sai na duba da kyau kafin in sa, don zafi yana zaunar da shi. Wata farar riga tawa har yau tana nan da nata a gaba, ta koma ta zaman gida.