Ƙara wa a-kori-kura tsawo: a yanka shasi a tsakiya ko a ƙara ta baya?

Ɗan'uwanmu manomi daga wajen Ringim ya yi tambaya a kan Hilux ɗinsa mai gida biyu, wadda bodinta bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Yana son ya ƙara mata tsawo domin ɗaukar harawa, kara da bututun ban ruwa, kuma masu walda biyu sun ba shi shawara mabambanta: ɗaya ya ce a yanka shasin, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, tsakanin gidan direba da tayoyin baya a saka ƙari, ɗayan ya ce a jona ƙarfe a wutsiyar motar kawai.

Malam, jona ƙarfe ta baya ya fi araha da sauri, domin ba a taɓa farfela (sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya), ba a taɓa bututun birki, wayoyin fitilun baya kaɗai za a ƙara. Sai dai duk kayan da aka ɗora a bayan tayoyin baya yana danne wutsiya ya ɗaga kan motar, kamar yadda amalanke ke ɗaga gaba idan lodi ya taru a gindinta. Na taɓa bin wata irin wannan a hanyar Gujungu ranar kasuwa, fitilunta suna haska saman bishiyoyi, direban yana ta kokawa da sitiyari saboda tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai ba. A kan burji mai ramuka, wannan nauyin yana lanƙwasa shasi har ya tsage. Ni ban yarda da wannan hanyar ba, sai idan ƙarin ɗan kaɗan ne kuma kayan marasa nauyi.

Yanka a tsakiya shi ne aikin gaskiya, domin tayoyin baya suna matsawa su zauna a ƙarƙashin lodi, amma yana da tsada kuma yana buƙatar gwani. Dole ne a ƙara tsawon farfela a daidaita ta, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa idan ta ɗauki gudu, ta cinye boris. Bututun birki, wayar hambirki, salansa da wayoyin wuta duk sai an sake su ko an ƙara musu tsawo, kuma bututun birki gara a sa sabo ɗungurungum da a yi masa joni. Shi kansa yankan ba a yin sa a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Ana karkata shi domin waldar ta yi tsawo, sannan a lulluɓe wurin da faranti na ƙarfe mai kauri irin na shasin, wanda ya zarce jonin ta kowane ɓangare. Kafin a kunna injin walda a sauke tankin mai, a cire kan batir, a kuma auna shasin daga kusurwa zuwa kusurwa, domin idan ya karkace motar za ta riƙa tafiya a gicciye tana cin taya. Bayan an gama, za ka ga tana buƙatar fili kafin ta juya, kuma cikinta ya fi saurin taɓa ƙasa a kan kunya ko tudun kwalbati, abin da ya shafi duk mai shiga gona da damina.

Abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai shi ne, babu wadda ke ƙara wa motar ƙarfin ɗaukar nauyi. Hilux an ƙera ta ne don kimanin tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100, kuma sifirin, birki da tayoyi suna nan yadda suke. Don harawa da kara, na zaɓa maka yanka a tsakiya. Idan kuwa a ranka akwai kai buhunan shinkafa ko riɗi kasuwar Dawanau da ke Kano, gara ka sayar da motar, ka haɗa kuɗinta da kuɗin aikin ka nemi motar kaya irin su Canter ko Dyna. Kafin a fara yanka Hilux ɗin, ka fara zuwa wurin jami'an VIO masu duba lafiyar motoci ka ji abin da suke buƙata game da takardun motar da aka sauya wa tsari.