Kududdufi ko kwalba: wanne ya fi nuna yadda ƙananan halittun ruwa ke sauyawa?

Malama, kin tambaya ko gara ku riƙa zuwa kududdufi duk mako ke da 'yan ajinki kuna ɗebo ruwa ku duba a madubin likita, ko ki ɗebo sau ɗaya ki ajiye a kwalba kuna bibiya. Na gwada duka biyun, kuma ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Wajen yawan halittu, kududdufi ya yi wa kwalba fintinkau. Ɗigo ɗaya daga gindin kainuwa ko cikin gansakuka zai iya ba ki zaren Spirogyra mai koren layi a murɗe, da Euglena, 'yar koriyar halitta mai iyo, da Cyclops, ƙwaron ruwa mai ido ɗaya ɗauke da jakar ƙwai biyu a ƙugu. Cyclops ɗin ce ke kai kurkunu cikin mutum, cutar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. Ruwan tafki irin wannan masanin kimiyya Leeuwenhoek ya leƙa da madubinsa kusa da garin Delft a ƙasar Holan a 1674, ya ga halittun da ido ba ya gani.

Sai dai abin da kika samu a bakin ruwa ba shi za ki samu taku uku gaba ba. In mako ya zagayo yaro ya ga wani abu daban, ba za ki iya cewa lokaci ne ya kawo shi ko wurin ɗiba ba. Kuma sauyin kududdufi tafiyar watanni ce, daga cikar damina zuwa ƙafewar rani. Ga kuma haɗarin cutar tsargiya: kada yaro ya tsoma hannu ko ƙafa, a ɗaura gwangwani a sanda.

Kwalba kuwa ruwa ɗaya ne a gabanki kullum, shi ya sa nake ƙaunarta. Ki zuba ruwan kududdufi, ki jefa 'yar busasshiyar ciyawa, ki rufe bakin da ƙyalle, ki ajiye inda rana ba ta dukanta. Kwana 2 zuwa 3 ruwan zai gurɓace, ya yi wari, wata yana ta kwanta a samansa. Kada ki zubar, nan aikin ya fara. Bakteriya ce ke cin ciyawar, in madubi ya ƙara girmansu sau 400 za ki gan su ɗigo-ɗigo suna makyarkyata. Su ne abincin masu zuwa. Ƙananan halittu masu wutsiya kamar bulala su fara fitowa, sai Colpoda mai siffar ƙwayar wake, wadda ta daɗe a ƙunshe jikin busasshiyar ciyawar tana jiran ruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai Paramecium, kamar tafin takalmi, tsawonta wajen rubu'in milimita. Ki ɗaga kwalbar a haske za ki gan su da ido kamar farar ƙura mai yawo, ruwan kuma ya fara washewa don sun cinye bakteriyar. Can sai Vorticella, 'yar ƙararrawa a kan tsinke. Ki ƙwanƙwasa tebur ki ga tsinken ya nannaɗe nan take. Ranar da 'yan ajina suka ga wannan, da ƙyar na raba su da madubin. Wani masani, Woodruff na Jami'ar Yel a Amurka ya rubuta wannan jeri tun 1912, ko da yake kwalba takan saɓa wa kwalba, zafi kuma yana gaggauta komai.

Raunin kwalba shi ne iska tana ƙaranci idan ruɓa ta yi ƙarfi, manya irin su Cyclops su mutu, koraye su dusashe in babu haske.

Tunda sauyi kike son su gani, ki ɗauki kwalba, kududdufi kuma ku je sau ɗaya a farkon zango da ƙarshensa. Ku riƙa ɗiban ɗigo daga wuri ɗaya, ƙarƙashin yanar kusa da ciyawa, kowa ya zana abin da ya gani ya sa kwanan wata. In ruwan ya ja baya ki ƙara ruwan sama, ban da na famfo saboda kulorin.