Hanyoyin kwashe sautin tsofaffin bandi zuwa kwamfuta: wadda ta dace a zaɓa a Yamai

A gidaje da dama na Yamai da Tawa akwai akwatunan da ke cike da bandi mai bobin, irin wanda aka riƙa ɗaukar murya da shi kafin kaset ya yi yawa. Wasu tafsirin malamai ne, wasu hira ce da dattawa kan tarihin gari, wasu kuma kiɗan biki ne ko shirin da wani ma'aikacin rediyo ya kawo gida ya ajiye. Rediyon ƙasa ya soma aiki a 1958, cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka ta kafu a Yamai a 1968, kuma duk aikin wancan zamani a kan irin wannan zare aka yi shi. Tun 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa injunan karanta bandi suna ƙarewa, masu gyaransu ma suna ƙarewa. Ga wanda yake da irin wannan ajiya, zaɓin hanyar kwashewa shi ne komai, domin wani bandin sau ɗaya tak zai iya bi ta cikin inji kafin ya lalace.

Hanya ta farko ita ce a kunna inji a kara wayar salula a bakin sifika, kuma wannan ba kwashewa ba ce, ɗaukar hayaniyar ɗaki ce. Ƙananan na'urorin USB masu arha da aka ƙera don kaset su ma ba sa cikin lissafi. Aika bandi zuwa Faransa ko Jamus yana ba da aiki mai kyau idan aka dace da kamfanin kirki, sai dai kuɗin yana da nauyi, kuma ni ba na yarda abin da ba shi da na biyu ya bar hannun mai shi ya hau jirgi.

Hanyar da nake fifitawa ita ce a nemi inji Revox da aka yi wa gyara sosai, a haɗa shi da kart-son ta waje mai inganci, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, sannan a ɗauko tsohon ma'aikacin sauti wanda hannunsa ya saba da zare, ya yi aikin a gaban mai kaya. Revox A77 ya fito a 1967, B77 ya biyo bayansa kimanin shekara goma, kuma dukansu daga gidan Studer na ƙasar Suwis suke. Motocin lantarki uku gare su, suna ɗaukar babban bobin mai faɗin santimita 26.5, kuma motar da ke jan zare tana da na'urar da ke riƙe mata gudu, ba ta dogara da yanayin wutar gari ba. Wannan batu yana da muhimmanci a wurinmu, saboda wutarmu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, alhali injunan da aka ƙera don Amurka na bolt 110 ne da bugu 60. Da yawansu ko an saka musu taransifoma za su riƙa tafiya a hankali, murya ta yi kauri ta ja. Kayan gyaran Revox kuwa har yanzu ana samunsu a Turai, takardun gyaransa suna nan a intanet. Wanda ya samu Studer A807 na gidajen rediyo ya fi kowa dacewa, amma samunsa da wuya. Uher Report yana da amfani ga ƙananan bobin da aka ɗauka da gudu kaɗan, Nagra kuma inji ne na ƙwarai amma an yi shi ne don ɗauka a fili. Akai na ɗaki yawanci ba nasa ba ne wannan aiki.

Kafin a biya kuɗin kowane inji, wajibi ne a san irin bandin da ke hannu. Faɗin zaren milimita 6.35 ne, amma gudunsa ya bambanta: akwai na santimita 9.5 a daƙiƙa, akwai na 19, akwai na 38 na aikin sitidiyo. B77 ɗaya gudu biyu kawai yake da shi, yawanci ko 9.5 da 19, ko 19 da 38. Haka kuma wani bandin layi ɗaya aka ɗauka a duk faɗinsa, wani layi biyu, wani huɗu. Idan aka ɗora mai layi huɗu a kan injin layi biyu, za a ji muryoyi biyu a haɗe, ɗaya tana tafiya da baya. Ƙwararren ma'aikaci zai kuma daidaita tsayuwar kan karatu (ɗan ƙarfen da zare ke gogawa a karanta sauti), abin da suke kira azimut, ga kowane bandi daban, yana juya ƙaramin sukuru yana saurare har muryar ta washe.

A nan ne na ga ɓarnar da ta sa nake tsananta wa mutane. Bandin tafsirin kawuna aka kai wa wani mai shagon kwafe-kwafe a Yamai, ya ce ya iya. Bandin irin wanda gam ɗin da ke manne ƙurar sauti a jikin zarensa ya jiƙe ne, matsalar da ta yi yawa a zaren 1970 zuwa 1980 da wani abu, musamman Ampex 406 da 456. Injin ya riƙa ƙara kamar kukan ɓera, shi kuwa bai tsaya ba, har ƙurar zaren mai launin ƙasa, wadda ita ce ke riƙe da muryar, ta kankare ta manne a kan karatu. Abin da ya kamata shi ne a gasa irin wannan bandi na awoyi a na'urar da ke riƙe zafi daidai wajen digiri 50, a bar shi ya huce, sannan a karanta. Tandar gida ko shanya a rana ba sa maye gurbin wannan na'ura. Tsohon zaren asetat kuwa, wanda haske ke ratsawa idan aka ɗaga bobin sama, wanda kuma yake warin binegar idan ya soma ruɓewa, shi ba a gasa shi sam, kuma yana tsinkewa da ɗan ja kaɗan. Duk wanda bai san bambancin waɗannan biyu ba, kada a miƙa masa ko bobin ɗaya.

Arha ba ta ado, kuma ha'incin wannan sana'a yana da fuskoki da yawa. Ma'aunin IASA shi ne fayil na WAV, wanda ba a matse sautinsa ba kamar MP3, mai bit 24, a kan kilohaz 48 aƙalla, an fi son 96. Awa ɗaya ta sitiriyo a kan 96 tana cin kusan giga 2, saboda haka wanda ya kawo awa ashirin a cikin giga ɗaya MP3 ya yi. Masu wayo sukan ɗauka a MP3 su mai da shi WAV don ya yi nauyi; ana gane wannan idan aka buɗe fayil a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, aka dubi hoton sautin, domin za a ga an yanke samansa a miƙe wajen kilohaz 16. Wasu kuma sukan yi alfahari da cewa sun wanke sauti sun cire masa shuuu, alhali sun cinye rabin muryar. A nemi fayil ɗin asali wanda ba a taɓa ba, wankakken ya zo daban. Masu sayar da inji sukan goge kan karatu ya yi ƙyalli, amma idan aka shafa da farce aka ji kwari a inda zare ke bi, kan ya cinye. A latsa robar da ke matse zare, idan tana danƙo ko ta tsage sai an sake ta. Ya kamata a sani kuma cewa bandi mai bobin ba shi da ƴar kariyar nan da ake ɓallewa a kaset, don haka danna maɓallin ɗauka bisa kuskure yana shafe abin da ke ciki nan take. Akwai ma masu riƙe kwafi a kwamfutarsu su sayar wa masu tura waƙa a kasuwa ba da sanin iyalin mai murya ba, shi ya sa nake cewa a yi yarjejeniya a rubuce kuma a zauna a wurin. Ko kile USB da za a zuba aikin a ciki akwai na jabu da ke nuna giga 128 alhali ƙarami ne ƙwarai, kuma manhajar H2testw tana tona asirinsa.

Ɗakin aiki ya kasance a rufe saboda ƙurar hunturu, da batirin ajiyar wuta don kada ɗaukewar lantarki ta tsayar da inji zare na tsakiyar tafiya. A ɗauki hoton kwalin kowane bandi da rubutun da ke jikinsa, a sa wa fayil lambar da ke kan kwalin. Idan an gama, a ajiye aikin a manyan diski biyu a gidaje biyu dabam-dabam, bandin kuma a mai da shi kwalinsa a jera a tsaye a ɗaki mafi sanyi, nesa da sifika da rufin kwano, domin zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40.