Makirho a manhajar rubutu: rahoto ya yi sauƙi, lissahi sai da ido

Manhajar da nike rubuta rahoton ƙungiyarmu ta 'yan gujiya da aya a cikinta ta yi sabuntawa kwanan baya, sai ga wani ɗan alamar makirho a saman allon, ka taɓa ka yi magana ita kuma ta rubuta. Dama tun Oktoban 2024 da Google suka sa Hausa cikin harsunan Afirka da Gboard, allon rubutunsu na waya, zai iya rubutawa da murya nike jiran ƙananan manhajoji su biyo sahu, to ga shi ya iso.

Gaskiya ga dogon zance ta burge ni. Bayanin taro da da nike kwashe dare ina latsawa da babban yatsa har ya yi tsami, yanzu bayan isha'i ina kishingiɗe bisa tabarma sai in yi ta zuba kawai, kuma abin da ya fi yi min daɗi tana sa ƙ da ɗ da ɓ da kanta, ba sai na danne harafi ina jiran ƙugiya ta fito ba. Amma hwa aya da waƙafi kai za ka bi ka sa, in ba haka ba shafi guda zai fito jimla ɗaya ba numfashi.

Sai dai kunnenta na Kano ne. In na ce na tahi sai ta rubuta na tafi, wannan ban damu ba, wani lokaci ma gyara ne ta yi min tunda masu karɓar kayanmu a Jibiya da Katsina ma suna karantawa. Inda take ruɗewa shi ne in Faransanci ya shigo, mu kuma nan Maradi wa ke magana minti biyu bai sa shi ba? Faktir, kamiyo, duwan, duk sai ta juya su wani abu daban da ba ya da kai ba ya da gindi, har sai da na koyi cewa takardar kuɗi da babbar mota don a zauna lahiya.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in na ce dala ɗari ina nufin 500, ita kuwa 100 za ta ajiye maka ta wuce abinta, jaka goma ma ba ta san 10.000 ba ce. Ka duba in wannan ya shiga littahin bashi ba wanda ya lura, ranar biya rigima ce da mutumen da kuka shekara kuna ciniki. Don haka duk inda lamba take na daina faɗa, da hannu nike sa ta in sake dubawa.

A babbar kasuwa kuwa kar ma ka wahalar da kanka, ƙarar adaidaita da kabu-kabu da mai tallan ruwa duk tana kwasowa ta cusa cikin rubutun. Kuma ba ta aiki sai da intanet tunda muryar can take aikawa a juya ta, in rezo ya yi ƙasa sai ka gama magana ka ga layin ƙarshe ya ɓace, shi ya sa nike tsayawa duk bayan jimla biyu ko uku in ga ta kamo ni. Da za su sa ta riƙa aiki cikin wayar ba tare da mega ba, da ko a ƙauye wajen sayen kaya na yi amfani da ita.